Musayar Waƙa: Kareem ko LeBron, Wa Ya Fi Cika Kwando?

Baban Ummi:
Salamu alaikum. Jiya yarana suka ce in daina zancen Kareem, wai zamaninsa ya wuce. Abin ya tsaya mini a rai. Mai baiti ya fito.

Bismillahi da shi nake buɗe baki,
Zancen ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka nake ɗaukowa.

Kareem Abdul-Jabbar, dogo na Lakers,
Jifan ƙugiyarsa babu mai tarewa.

Ya ba ka kafaɗa, hannu ya yi sama,
Kana tsalle, ƙwallo tana shigewa.

A 1984 ya wuce Wilt Chamberlain a yawan maki a Las Vegas,
LeBron James naku ko cibiya ba a yankewa.

Maki 38,387 ya tara ya ajiye,
Kusan shekara 39 babu mai kamowa.

Jifan maki uku sau ɗaya tak ya ci,
Da bibbiyu da ɗaiɗai yake tarawa.

Ɗan Autan Zariya:
Baba, a gafarce ni, zan tanka.

Baba na rusuna, girmanka yana nan,
Amma lissafi ba ya jin kunyar kowa.

Ran 7 ga Fabrairun 2023 a Los Angeles,
Mu nan ladan ya soma kiran farkawa.

Waya a hannuna, bargo a kaina,
Ƙanena ta kafaɗata yake leƙowa.

LeBron ya ja da baya ya saki ƙwallo,
'Yan Oklahoma sai ido suke zubawa.

Wasa 1,560 Kareem ya buga,
A na 1,410 LeBron ya yi wucewa.

Maris ɗin 2024 ya haye 40,000,
Tudun da babu wanda ya riga shi hawa.

Yaya Bilki:
Baba da ƙanena, ku ɗan ba ni wuri. Kun ambaci Wilt kun wuce kamar ba komai ba.

Ran 2 ga Maris 1962 a garin Hershey,
Wilt Chamberlain ya yi abin tunawa.

Maki 100 shi kaɗai a dare guda,
'Yan Knicks sun rasa hanyar tsarewa.

An tashi 169 da 147,
Babu bidiyon da za a yi ta maimaitawa.

Akwai hotonsa, yana zaune da takarda,
An rubuta 100, shi yake nunawa.

A kakar 1961-62 maki 50.4 yake ci duk wasa,
Ku faɗa mini wa ke iya kwatantawa.

Kobe Bryant ya ci Toronto maki 81 a 2006,
Saura 19, nan ya yi tsayawa.

Na Damagaram:
Ni baiti uku gare ni, na ɗan gida ne.

Hakeem Olajuwon, haihuwar Legas,
Maki 26,946 ba abin rainawa.

Kofi biyu a jere ya kai wa Houston,
1994 da 1995, ba mai musawa.

Da azumi a bakinsa yake shiga fili,
Wannan shi ya sa nake yabawa.

Baban Ummi:
Bilki 'yata, kin yi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Na Damagaram, ka tuna mana da namu. Auta, saura kai.

Ɗana, ka manta Kareem ya yi jami'a,
Shekara huɗu a UCLA yana koyowa.

LeBron daga sakandare ya faɗo fili,
Yana ɗan 18 ya soma ƙirgawa.

Amma ni ma na kalli daren da ka faɗa,
Ummi ce ta kunna mini da wayewa.

Na ga Kareem, dattijo ɗan 75,
Ya taso tsakiyar fili yana takowa.

Ya ɗaga ƙwallo sama da hannunsa,
Ya miƙa wa LeBron, jama'a na shewa.

Idona ya ciko, ban ɓoye wa Ummi ba,
Gwanina ne da kansa yake miƙawa.

Na bar muku lambar tunda ya bar ta,
Jifan ƙugiyar dai har yau ba mai gadowa.