Neman kalma: me za mu kira greenhouse effect a shirin manoma?

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 9 na safe zan naɗi shirin manoma a nan Jos. Baƙona masanin yanayi ne, Hausarsa ba ta nuna ba, ni zan riƙa fassara masa. Ɗumamar yanayi da sauyin yanayi kunne ya saba da su. Greenhouse effect, wato yadda iskar sama ke riƙe zafin duniya, shi ne ya kakare mini. Masu saurarona manoman dankalin turawa ne na Bokkos da Mangu, da 'yan lambun wajen Vom. Don Allah a agaza kafin dare.

Ɗan Tudun Wada: Tasirin ɗakin gilashi. Haka na taɓa ji an fassara.

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ki kuskura ki faɗi haka. Namu na nan da leda da raga ake yin su, girinhaus muke ce musu. Wanda ya ci bashi ya kafa nasa don tumatir da tattasai, in ya ji wannan a rediyo zai ɗauka rumfarsa ce ke lalata duniya.

Malamin Kimiyya: Mai Lambu ya yi gaskiya, kuma ko a Turancin sunan bai zauna daidai ba. Rumfar leda tana ɗumi ne don ta hana iska mai zafi fita. Na sama daban ne: hasken rana ya ratso ya gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, sai tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid da ta metan su tsotse wani kaso su dawo mana da shi. A aji bargon iska nake cewa. Amfanin kalmar shi ne bargo ba abin ƙi ba ne. Ba don shi ba, da matsakaicin zafin duniya ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon wajen 15 da muke da shi. Kauri ya yi, shi ne matsalar. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid kashi 280 ne cikin miliyan na iska, yanzu ya haura 420.

Dattijon Bukuru: Malam, bargo kayan kanti ne. Ni shekara da shekaru ina cewa turarar duniya. Dubi dambu a madambaci: zafi na tasowa daga ƙasa, an rufe sama, abin ciki na nuna a hankali. Kowace mace ta san wannan. Kuma tun da an taɓo, ɗumamar yanayin ma ban taɓa yarda da ita ba. Ɗumi abin so ne, ɗumame muke karya kumallo da shi. Mutumin Jos da sanyin Disamba ke hana shi wanka, ka ce masa duniya na ɗumama, ai albishir ka yi masa. Zafafar duniya ya kamata.

Malamin Kimiyya: Baba, madambaci murfi ne ke tsare tururi, kuskuren rumfar leda ke nan muka sake. Ga shi turara na kawo hayaƙi a zuciya, alhali kabon dayoksaid ba a ganinsa. Metan da ke fita daga gyatsar shanu da fadamar shinkafa ma ba hayaƙi ba ne.

'Yar Rediyo: Malam, maganar shanu a shirin manoma a Filato sai na taka a hankali, ka san halin da ake ciki. Zan fara da ƙona kwal da fetur da gas, tun da su ne uwa uba, in kuma faɗi cewa Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa ne nata. Baba, ɗumamar yanayi kam ta riga ta zauna, BBC da DW duk ita suke faɗa. In na canza ni kaɗai zan rikita mutane.

Bakano a Abuja: Ku yi haƙuri, amma ƙirƙirar kalma ba aikin hira ba ne. Akwai cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero, can ya dace a kai. In kowane gari zai ƙera tasa, musamman inda ake cewa "mace ya zo", ina za mu kwana?

Uwar Biyu: Malam Bakano, wannan maganar ba ta yi daɗi ba. Hausar Jos ce ke haɗa Birom da Angas da Bafulatani a kasuwar Farin Gada. Mutanen da kake rainawa su ne ke noma dankalin da kuke soyawa a Abuja, kuma su ne ruwan sama ke yi wa wasa da lokacin shuka. Su za a yi wa bayani, ba farfesoshi ba.

Bakano a Abuja: Ban raina kowa ba, Hajiya. Daidaito nake nema. Ko bargon nan, a waya mutane ba sa sa ƙugiya, wa zai bambance bargo da ɓargo? Sai a karanta ɓargon iska.

Uwar Biyu: Rediyo za ta yi, kunne zai ji. Wanda ya sha romon ƙashi ba zai rikita su ba.

Dattijon Bukuru: In dole sai abin rufa, a ce gwado mana, namu na saƙa. Amma har gobe turara ta fi. Bargo kai ke jawo shi da hannunka, in zafi ya dame ka ka yaye. Wannan wa zai yaye shi?

Malamin Kimiyya: Wannan tambayar taka ita ce shirin gaba ɗaya, Baba. Mu muka ƙara masa kauri, yayewa kuma ba ta kwana ɗaya ba ce, don wani kaso na kabon yana ɗaruruwan shekaru a sama. Abin da ƙasashe suka yi alkawari a Faris a 2015 ke nan, a yi ƙoƙari kar ƙarin zafin ya wuce digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu. Gwado kuwa ɗalibaina da yawa ba su san shi ba. Hajiya, ga shawarata: bargon iska ga abin kansa, iskoki masu riƙe zafi ga su kabon da metan.

Bakano a Abuja: Iskoki? A Hausa iskoki aljanu ne, Malam. Ka ce nau'o'in iska masu riƙe zafi.

Malamin Kimiyya: Na karɓi gyara, wannan ka fi ni gaskiya.

'Yar Rediyo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan ce bargon iska, da iska mai riƙe zafi. Baba, zan kawo misalin dambunka sau ɗaya wajen bayanin yadda zafi ke taruwa, amma ba a matsayin suna ba.

Dattijon Bukuru: To, 'yata, ki yi yadda kika gani. Ni dai ban sauka daga turara ba. Yaushe za a sa shirin? Ina so in ji abin da masu kiran waya daga Bokkos za su ce.