Waɗanda suka taɓa fita fafutukar mata a Abuja, ina abin ya kai ku?

'Yar Kubwa:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta fara bin taron matasa masu kare haƙƙin mata. Baba ya amince da sharaɗi: ta tsaya kan maganar mata, ba ruwanta da zanga-zangar tsadar rayuwa ko ta 'yan sanda. Waɗanda suka taɓa fita, hakan na yiwuwa kuwa?

Maman Hibba:
Wa alaikumus salam. Ni ta dandalin Unity Fountain da ke Abuja na shiga a 2014, bayan an kwashe 'yan matan Chibok 276. Jan ɗankwali na ɗaura na tafi, don kawai 'yan makaranta ne kamar ni. Kafin wata ya zagayo, hirar da ake yi a kan tabarma ta koma ina kuɗin tsaro suke shiga, kuma wa ke ciyar da 'yan gudun hijirar Durumi da Kuchingoro. Ba wanda ya ce mu sauya hanya. Ki gaya wa Baba tambaya ce ke jan tambaya.

Ɗan Mararaba:
Ni namiji ne, amma a bar ni na sa baki. Lokacin EndSARS, zanga-zangar neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, a Oktoban 2020, an kama ƙanin abokina yana dawowa daga shago, ko kwali bai riƙe ba. Muka kira wata lamba da ake yaɗawa a Twitter, mace ta ɗauka, kafin magariba lauya ya iso, ba mu biya ko sisi ba. Matan ƙungiyar Feminist Coalition ne ke tara kuɗin lauyoyi da abinci da asibiti a lokacin.

Anti Lauya:
Ɗan Mararaba, madalla. To ku kuna ina a Maris ɗin 2022? Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru. Muka yi kwanaki a bakin ƙofa cikin zafin bazara, mazan da suka zo da yatsa za ka ƙirga su. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan: idan maganar kowa ce, mu ne masu rubuta bayanan taro da raba ruwan leda; mun kawo ta fyaɗe ko ta gado, sai a ce mu bari a gama babbar magana. Kuma 'yan uwanmu na Arewa da suka ce EndSARS ba tamu ba ce sun manta SARS ɗin ce ta kama Maryam Awaisu a Kaduna a Fabrairun 2019, ana tsaka da ArewaMeToo, gangamin da matan Arewa suka yi a intanet na fallasa cin zarafi ta hanyar lalata.

Mai Awarar Nyanya:
Anti, ki yi haƙuri, ku ma da naku. An taɓa gayyata ta wani taro a otal a Maitama, daga buɗewa har rufewa Turanci, kuɗin motar da na kashe ya cinye ribar ranar. Ni abin da ya fitar da ni zanga-zangar Agustan 2024 shi ne tsadar kwanon waken suya da galan ɗin mai, tunda aka cire tallafin fetur a 2023. Wata maƙwabciyata tukunya ta ɗauko ba komai ciki, tana bugawa da ludayi. Da aka gurfanar da yaran nan da aka kama a zanga-zangar a kotu a Nuwamba, wasunsu suka zube don yunwa, iyaye mata ne suka rasa barci.

Anti Lauya:
Na karɓa, Hajiya. Dokar VAPP, wadda ta haramta cin zarafin mutane, tun 2015 take aiki a Abuja, amma matan kasuwa nawa aka taɓa karanta wa da Hausa? Ku samo mana rumfa, zan zo.

Mai Awarar Nyanya:
Rumfa akwai. Sai dai da hantsi, don daga la'asar ina bakin kasko. 'Yar Kubwa, ki zo da ƙanwar taki.