Mun ce zuciya, ashe ƙwannafi ne: kowa ya kawo nasa

Wata daga Mabera: Salamu alaikum jama'a. Makon jiya na kai Innarmu asibiti. Likita ya ce, "Inna, mi ke damunki?" Ta dafa ƙirji ta ce zuciyarta ke ƙuna. Wallahi gabana ya faɗi. Ya sa aka auna zuciyar, lafiya lau. Da ya ji bayan tuwon dare abin ke tasowa, in ta kwanta, sai ya ce ƙwannafi ne, ruwan tsamin ciki ke hawowa. Wa ya taɓa faɗin abu likita ya ji wani daban?

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama: Yaya, kullum muna gani. Kalmar "ciki" ta fi ba mu wahala, don komai cikinta ake zubawa. Shi ya sa nake cewa a nuna mini da yatsa ɗaya. Dama, ƙarƙashin haƙarƙari, hanta ce, madaciya na manne da ita. Hagu saifa. Ƙoda biyu suna can baya, wajen kwiɓi. Ƙasan cibiya mara ce, nan mafitsara take, da mahaifa ga mace.

Wani daga Tambuwal: Ni ciwon shawara ya ƙone ni. Ƙanena idonsa ya yi ɗorawa, fitsari kamar shayi. Wata biyu yana shan jiƙo, yana ramewa. Da muka zo Sakkwato aka ɗibi jini, aka ce ciwon hanta ne nau'in B. Likitan ya ce mana shawara alama ce, ba ita ce cutar ba: hanta na kawo ta, toshewar hanyar madaciya na kawo ta, mai sikila ma yana yi. Duk gidan aka gwada mu, waɗanda ba su da shi aka yi musu rigakafi. Har yau wata biyun nan na ci mini rai.

Wata daga Illela: Ɗiyar maƙwabciyata, shekara huɗu, dasashinta ya kumbura bayan ƙyanda, baki na wari. Tsofaffi suka ce ciwon iska ne, aka yi ta hayaƙi. Cikin kwanaki kunci ya fara huda. Ashe noma ake ce masa, kuma akwai asibitinsa a nan Sakkwato tun 1999. Sun ce da an zo tun dasashi na jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. Yanzu tana jiran aikin gyaran fuska.

Wani daga Runjin Sambo: Baba an ce masa 160 bisa 100, ya ce shi ba ya jin komai, wane hawan jini? Malama, daga nawa ake kirga shi?

Ma'aikaciyar jinya: Daga 140 bisa 90, in an auna fiye da sau ɗaya a ranaku daban-daban. Sau da yawa ba a jin komai. Ka maido Baba a sake aunawa, ka zo da katinsa.