Na samu bakteriyar ƙasa mai kashe 'yan uwanta, ta yaya zan gane sinadarin?

Ɗan_Aboabo:
Salamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a jami'ar KNUST ta Kumasi. Na ɗebo ƙasa a gindin mangwaron da ke bayan gidanmu a Aboabo, na shanya ta, na shuka a farantin agar, abincin da ake renon bakteriya a kai. Wani tsiro ya fito fari, busasshe kamar garin alli, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya jiƙa. Na haɗa shi da Staphylococcus aureus, wata bakteriya mai sa cuta, sai ga fili wayam kewaye da shi, ko ɗigo bai tsiro ba. Daga nan ina zan dosa?

Anti_Asawase:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ƙamshin nan na sinadarin geosmin ne, kusan tabbas bakteriyar Streptomyces ka kamo. Amma kar ka yanka rago tukuna. Tun 1943 da Albert Schatz ya fitar da maganin streptomycin daga Streptomyces a ɗakin gwajin malaminsa Waksman a Amurka ake tonon dangin nan, yawancin abin da ke fitowa yanzu tsohon zance ne. Fara da gwajin 16S, na ƙwayoyin gado, ka san wace ce. Sannan ka rene ta a ruwan abinci kamar mako guda, ka tatso sinadaran da ruwan ethyl acetate, ka rarraba su a TLC, farantin da ke ware sinadarai ɗigo-ɗigo, ka gwada kowane ɗigo ka ga wanne ke kisa. Shi kaɗai za ka kai LC-MS, na'urar auna nauyin sinadari, a kwatanta nauyinsa da na sinadaran da aka sani. Sai bai dace da kowa ba ake maganar NMR, na'urar gano tsarin sinadari. Kuma ka adana tsiron cikin ruwan glycerol a firiza tun yau, ka san halin wutarmu.

Malam_Nima:
Anti ta faɗi gaskiya, amma kar ka karaya. Daga ƙasar Legon a Accra aka samo Streptomyces ɗin da ta ba da sababbin sinadarai legonmycin da accramycin, aikin haɗin gwiwa da Jami'ar Aberdeen. Ƙasar Gana ba a gama tone ta ba.

Baba_Kejetia:
Ni ba boko nake ba. Ashe kakanninmu da ke barbaɗa ƙasa a ciwo suna kan hanya?

Anti_Asawase:
A'a Baba, don Allah a bari. Abin da ke cikin ƙasar bai kai ya warkar ba, ga ƙwayar tetanus a cikinta take zaune.

Ɗan_Aboabo:
Na gode, Anti. Gobe zan tuntuɓi malamina kan kuɗin 16S ɗin.