Shawarar masoya The Bats ga sabon mai sauraro

Masoya kiɗan jangle pop, wanda ake gane shi da amon jita mai kaifi da zaƙi, sun tattauna kan kundin Daddy's Highway na ƙungiyar The Bats. Ƙaramin kamfanin Flying Nun na birnin Christchurch a New Zealand ne ya fitar da shi a 1987, ba tare da wani makudan kuɗi ba.

Galibinsu sun ce kada a yanke hukunci daga ji na farko. Sautin ba shi da ƙyalli irin na manyan kamfanoni, don haka a saurare shi gaba ɗaya, a natse, da abin sawa a kunne. Sai a kasa kunne ga yadda jitar Kaye Woodward ke zagaye muryar Robert Scott, dukansu 'yan ƙungiyar, da yadda muryarta ke bin tasa a hankali. Ni ma nan na fi ganin kyawun aikin.

An yi saɓani kan inda za a fara. Wasu sun ce a soma da The Clean, wata ƙungiyar da Scott ya kaɗa jitar bas a cikinta. Mai hali kuma ya sayi kundin Daddy's Highway, domin kuɗin ya isa hannun mawaƙan.