Neman kalma: me za mu kira "fin de support" ta Windows 10?

Mai fassara, Tawa: Salamu alaikum. Gobe da safe zan karanta sanarwa a rediyo kan Windows 10, manhajar Microsoft da ke tafiyar da kwamfuta, kalmar Faransanci "fin de support" ta tsaya mini. Na rubuta "ƙarewar tallafi". Ya yi?

Mai gyaran kwamfuta, Yamai: Amin alaikumus salam, ƙanwata. Cire tallafi, mai saurare zai ɗauka kuɗi ko hatsi aka daina rabawa. Kada kuma ki ce wa'adi ya cika, sai a zaci na'urar za ta mutu. Ba ta mutuwa. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko gyaran tsaro na kyauta, wanda ke zuwa Talata ta biyu a kowane wata. Kwamfutar za ta tashi, Word zai buɗe, amma duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga ranar, ba mai toshe ta sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin lokaci. A shago "daina faci" muke cewa.

Tsohon malami, Tawa: Faci Ingilishi ne da ya shigo ta Najeriya. Muna da "yaye". An yaye Windows 10 tunda ƙanensa Windows 11 ya zo. Gajeriya ce, tsohuwa a ƙauye ma za ta gane.

Mai gyara: Allah ya gafarta Malam, yaron da aka yaye ƙarfi yake ƙarawa. Wannan kullum rauni yake ƙarawa. Kuma Windows 11 ya fito tun Oktoba 2021, shekara 4 suna tafiya tare.

Tsohon malami: To sai yaushe za mu daina jiran Kano ta yanka mana kalma? Manhaja tasu, kwamfuta tasu. Hausar Adar ba ta gaza ba.

'Yar jarida, Yamai: Baba, mu da ke cewa ordinata fa? Ita ma aro ce. Manhaja kuwa daga Larabci take, ba gadon Kano ba ce. Shawarata: "daina sabuntawa".

Mai gyara: Ya fi kusa, amma ki ce "sabuntawar tsaro", don akwai shirin ESU, na tsawaita gyaran tsaro, da ke ƙara wa wanda ya yi rajista lokaci har 13 ga Oktoba 2026. Ki kuma faɗa musu ba kowace na'ura ke ɗaukar 11 ba. Tana buƙatar TPM 2.0 (ɗan sashen tsaro da ke cikin na'ura), RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, in ƙwaƙwalwar na'urar ta kamfanin Intel ce daga zubi na 8 zuwa sama. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta tpm.msc, za a ga ko akwai TPM. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu, da yawa nan suke faɗuwa. Kafin a taɓa komi a kwashe takardu a kile.

Mai fassara: Na gode. Zan ce "Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 10", sannan in bayyana.

Tsohon malami: Wannan jimla ce, ɗiyata, ba kalma ba. Ki karanta ta gobe tunda lokaci ya ƙure, amma har yanzu ba mu da suna.