Fenti ya ƙi zama a jikin get ɗin galbanaiz

Assalamu alaikum, iyayen gidana masu walda da fenti. Wata 4 ke nan na haɗa wa wani Alhaji get da farantin galbanaiz, wato ƙarfen da aka lulluɓe da zinki. Na goge shi da samfefa, na wanke maiƙon da tina (ruwan tsinka fenti), na shafa jan fentin ƙasa (wanda ake fara shafawa kafin ainihin fentin), sannan na fesa fentin mai sau biyu. Damina na sauka ya fara tashi kamar ɓawon albasa, farce kawai za ka sa ya biyo ka. Abin da ya ɗaure min kai, firam ɗin baƙin ƙarfe lafiya lau yake.

Wani ogana ya ce zinkin da ke jikin farantin ne ba ya shiri da fentin mai, wai in fara wanke shi da ruwan khal. Don Allah hakan ya isa, ko akwai fentin ƙasa na musamman? Wallahi kunyar Alhajin nan nake ji.